Iskar Birni da Gonar Ƙauye: Tarihin Ozon na Ƙasa da Abin da Ya Shafi Funtuwa da Malumfashi

Bahaushe ya raɗa wa iska sunaye gwargwadon yadda ta ke zo masa. Wadda ta taso da ƙura daga arewa ta dushe rana, ya ce hazo. Wadda ta busar da leɓe ta tsaga dunduniya, ya ce hunturu. Wadda ta ke juyi tana kwasar yayi, ya ce guguwa. Wanda duk ya buɗe ƙamus na Bargery, wanda a ka buga a 1934, zai tarad da waɗannan da wasu da dama. Amma fa dukansu sunaye ne na abin da ido ya gani, ko jiki ya ji. Akwai wata iska wadda ba ta da suna a Hausa, domin ba a ganinta, kuma ta kan fi yawa ran da gari ya yi garau, rana ta buɗe. Turawa suna kiranta ozon. Nufinmu cikin wannan takarda mu bi tarihinta tun daga gano ta, mu ga yadda ta hau ta sauka a manyan biranen duniya cikin shekara tamanin ɗin nan da su ka shige, sa'an nan mu komo gida, ƙasar Funtuwa da Malumfashi, mu duba abin da wannan tarihi ya ke nufi ga mai noman auduga da waken soya da tumatir.

Tun da fari ya kamata mu raba abu biyu da a ke yawan gwamutsawa. Kusan kashi tara cikin goma na ozon da ke duniya yana can sama ƙwarai, nisan kilomita goma sha biyar zuwa talatin da ƙasa, inda ya ke tare mana muguwar ƙunar rana. Shi ne wanda a ka ba da labarin ya huje a saman ƙurewar kudu a 1985, har ƙasashe su ka yi alkawari a Mantiriyal a 1987 don su cece shi. Ba da shi mu ke ba. Namu shi ne na ƙasa, wanda mutum ya ke shaƙa, ganye kuma ya ke sha. Jinsinsu ɗaya, ba bambanci ko kaɗan, sai dai wurin zama: a can sama garkuwa ne, a nan ƙasa dafi.

Wanda ya fara gane shi wani Bajamushe ne mai koyarwa a jami'ar Basal ta ƙasar Suwizalan, sunansa Shonbain. A 1839 yana cikin gwaji da lantarki da ruwa sai ya ji wani wari mai kaifi, irin wanda a kan ji bayan tsawa ta faɗi kusa, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai ma'anar wari. Ya kuma ƙaga wata takarda da a ke shafa wa sitaci da wani gishiri, a rataye ta a waje, in akwai ozon sai ta canza launi. Cikin ɗan lokaci takardun nan su ka bazu a ɗaruruwan wurare, a Turai da Amurka da ƙasashen da Turawa ke mulki. Abin mamaki, mutanen wancan zamani sun ɗauka ozon magani ne. Likitoci su kan tura marasa lafiya bakin teku ko kan duwatsu wai su shaƙi ozon, garuruwan shan iska kuwa su na talla da shi. Takardar Shonbain ba ta da tabbas, gama laima da ƙarfin iska su kan ruɗe ta. Awon da ya fi kyau a ƙarnin nan shi ne wanda a ka yi a Monsuri, gefen birnin Faris, daga 1876 har wajen 1910, kullum ba fashi. A 1988 wasu masana biyu na Jamus su ka sake lissafta alƙaluman Monsuri, su ka sami kimanin 10 cikin biliyan, watau in an raba iska kashi biliyan ɗaya, goma ne ozon. Daga baya an yi gardama kan wannan adadi, a ka ce hayaƙin gawayin Faris ya sa awon ya yi ƙasa da gaskiya. Masanan da su ka taru su ka sake tantance tsofaffin awo duka, cikin rahotonsu na 2019, sun tsaya kan cewa ozon na ƙasa a arewacin duniya ya ƙaru da kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari tun daga tsakiyar ƙarni na ashirin. Daga nan gaba duk adadin da mu ka ambata da wannan mudu ne, watau kashi cikin biliyan.

Birnin da ya buɗe wa duniya ido

Ran 26 ga Yuli, 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, wani hazo mai yaji ya rufe birnin Los Anjalis na Amurka. Idanu su ka yi ta zub da hawaye, maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi, har wasu su ka zaci Japan ce ta kawo hari da iskar guba. Hukuma ta ɗora laifin a kan wata masana'anta mai yin kayan haɗa roba, a ka rufe ta, hazo bai fasa ba. A 1947 a ka kafa hukumar tsaron iska ta lardin, ta bi masana'antu da wuraren ƙona shara, duk da haka abin sai gaba ya ke yi. Dalilin ɓatan kai shi ne kowa yana neman hayaƙi irin na Landan, na gawayi, baƙi, mai saukowa da sanyi, irin wanda daga baya ya kashe dubban mutane a can cikin Disamba 1952. Na Los Anjalis kuwa da zafi ya ke zuwa, da tsakar rana, a garin da ba a cika ƙona gawayi ba.

A nan akwai abin da mu ke so mai karatu ya riƙe, domin shi ne ginshiƙin maganarmu. Waɗanda su ka fara kawo shaida mai ƙarfi ba likitoci ba ne, masu lambu ne. Tun 1944 manoman gefen birnin su ka ga ganyen alayyafonsu da latas yana yin wani sheƙi kamar azurfa ta ƙarƙashi, sa'an nan ya ƙone, ba tsutsa, ba fara, ba wata cuta da a ka sani. Wani masanin cututtukan shuka, Jon Midilton, ya bi abin, ya buga bayaninsa a 1950. Wani kuma mutumin Holan, Hagen-Simit, malami a Fasadena, wanda aikinsa na asali binciken ƙamshin abarba ne, ya tsotsi iskar garin ya daskarar da abin da ke cikinta ya duba. Sa'an nan ya haɗa tururin fetur da hayaƙin inji cikin ɗakin gilashi, ya haska masu fitila mai kama da rana, ya sa shuke-shuke a ciki, sai ga ganyensu ya yi irin ƙunar da masu lambu ke kuka da ita. A 1952 ya bayyana sakamakon. Kamfanonin mai da na motoci su ka yi masa ca, su ka ɗauki nasu masana don su ƙaryata shi, amma kafin shekarun 1950 su ƙare gwajinsu ya komo ya gaskata nasa.

Ga abin da ya gano, a taƙaice. Ba wani bututu ko salansa da ke fitar da ozon. A cikin iska a ke dafa shi, kuma sai abu uku sun gamu. Na ɗaya hayaƙin naitirojin, wanda ke fitowa duk inda wuta ta yi zafi ƙwarai, cikin injin mota ko janareto ko gobarar daji. Na biyu tururi mai tashi daga fetur da kananzir da fenti da itacen da bai ƙone sarai ba, har da wanda itatuwa masu rai ke fitarwa da kansu. Na uku hasken rana mai ƙarfi. In ɗaya ya ɓace tukunya ba ta tafasa. Dahuwar kuwa tana ɗaukar sa'o'i, iska tana tafiya da ita, sabo da haka inda a ka hura wutar dabam, inda tuwon ya nuna dabam. Har ila yau sabon hayaƙin mota, sa'ad da ya fito da ɗuminsa, cinye ozon ya ke yi. Don haka a kan tarar tsakiyar birni, inda motoci su ka yi cunkoso, ozon bai kai na ƙauyen da ke bayan gari ba ta wajen da iska ta nufa. A Los Anjalis itatuwan da su ka fi shan wuya su ne na kan duwatsun San Banadino, can gabas, nesa da cunkoson motocin. A 1959 kuma a ka tabbatar ɗigo-ɗigon da ke ɓata ganyen taba a gabashin Amurka, wanda manoma ke ce wa tabon yanayi, aikin ozon ne.

A 1955 awo a tsakiyar Los Anjalis ya kai 680. Daga nan a ka shiga yaƙi mai tsawo. Amurka ta yi babbar dokar tsabtace iska a 1970. Daga motocin 1975 a ka fara sa wata tukunya cikin salansa mai tace hayaƙi, a ka kuma soma janye dalma daga fetur, gama dalma kashe tukunyar ta ke yi. Motoci su ka riɓanya, mutane su ka riɓanya, amma ozon ya yi ta sauka. Ran 6 ga Satumba, 2020, da zafi ya yi tsanani, awo a tsakiyar birnin ya kai 185, a ka ce rabon da a ga haka shekara ashirin da shida. Mai karatu ya gwama 680 da 185 ya ga nisan tafiyar. Ya kuma tuna Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a kimanin 50, matsakaicin sa'a takwas, ya ga sauran tafiyar da ta rage.

Birnin Meziko ya bi sawu, sai dai a makare. Yana cikin kwari ne a kan tudu, sama da mita dubu biyu bisa teku, rana tana dukansa ba sassauci. A farkon shekarun 1990 da wuya rana ta fito ta faɗi ozon bai ƙetare iyakar doka ba. A 1989 a ka hana kowace mota fita rana ɗaya a mako, a 1991 a ka rufe matatar mai da ke cikin birnin, a ka gyara fetur, a ka tilasta tukunyar salansa. Ozon ya sauka ƙwarai cikin shekara ashirin, sa'an nan ya cije, har a Maris 2016 a ka sake shelar ta-baci sabo da shi. Na Sin ya fi ban mamaki. A 2013 gwamnatinsu ta tasam ma baƙin hayaƙin gawayi, cikin shekara huɗu ko biyar ƙurar hayaƙi ta ragu da kusan sulusi ko fiye, sama ta washe a Bejin. Sai ozon ya shiga hawa, da 1 zuwa 3 kowace shekara a manyan biranen gabashin ƙasar. Ashe ƙurar nan da a ka kawar tana tsotse wasu daga cikin kayan dahuwar, tana kuma rage hasken rana. Haka nan a 2020, sa'ad da annobar korona ta kulle mutane a gida, motoci su ka tsaya, birane da yawa sun ga ozon ya ƙaru a tsakiyarsu maimakon ya ragu. Wanda ya ce in dai an rage hayaƙi, kowane iri ne, ozon zai sauka, bai karanta tarihin nan ba.

Mu komo gida

Ƙasar da mu ke nufi ita ce kudancin Katsina: Funtuwa ta Sarkin Maska, Malumfashi ta Galadima, da Bakori da Danja da Kafur da Faskari da Dandume da abin da ke tsakaninsu. Ƙasa ce mai laka da ruwan sama isasshe, tun kafin Turawa a ke noman auduga a cikinta, a na saƙa, a na rini. In mu ka tambayi abin da ke hawa sama daga ƙasar nan a wancan zamani, amsa ita ce hayaƙin wuta: na murhu, na maƙera, na sassabe in manomi ya tara kara da ƙaya ya cinna kafin shuka, da babbansu duka, toyi, sa'ad da mafarauta da makiyaya ke sa wa daji wuta bayan kaka. Kada a raina toyi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu gobarar daji ta kan ɗauki Afirka ta Yamma tun daga Senegal har Chadi, kuma hayaƙinta yana ɗauke da kayan dahuwa biyun nan duka, rana kuwa ba ta ƙaranci. Sa'ad da masana su ka fara duban ozon na ƙasa daga tauraron ɗan'adam, wajen 1990, sun yi mamakin ganin tarinsa a kan tekun Atilantika tsakanin Afirka da Barazil, inda ba birni ba masana'anta, binciken da a ka yi da jiragen sama a 1992 kuwa ya nuna gobarar daji ta nahiyoyin biyu tana da babban hannu a ciki. Watau kakanninmu suna dafa ozon tun ba a san sunansa ba. Sai dai a lokacin da su ke dafa shi gonakin tudu sun riga sun zama fili, hatsi yana rumbu.

Zamanin Turawa ya ƙara abu kaɗan a kan wannan. Ƙungiyar auduga ta Ingila, wadda a ka kafa a Mancesta a 1902, ta sa ido a ƙasar nan. A ka kawo irin auduga na Amurka mai suna Alan, a ka buɗe gonar iri a Daudawa cikin shekarun 1920, a ka gina injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Malaman gona su ka riƙa sa manoma su tumɓuke itacen auduga su ƙone bayan tsinka, don kashe tsutsa. Amma jirgi ɗaya ko biyu a yini, da 'yan manyan motoci masu jigilar auduga da gyaɗa, ba su kai su sauya iskar lardi ba. Kano kanta a ƙidayar 1952 mutanenta kimanin 130,000 ne, mafi yawansu a ƙafa ko bisa jaki ko keke.

A ganinmu shekarar da ya kamata mai tarihin iskar ƙasar nan ya ja wa layi ita ce 1975. A cikinta a ka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da 'yan'uwansa na Gusau da Gombe. Shirin ya yi hanyoyin karkara, ya gina madatsan ruwa, ya buɗe wuraren sayar da kayan gona, ya kawo takin zamani da araha da irin masara mai yalwa. Masara, wadda dā a bayan gida a ke shuka ta don gasawa, ta fita gonar tudu ta ture dawa a wurare da yawa. An rubuta da yawa a kan wanda ya ci ribar shirin da wanda a ka bari a baya. Ba a cika kula da abin da ya yi wa iska ba. Taki irin su yuriya da kamfa naitirojin ne, ba kuwa duka shuka ke sha ba. Ƙananan halittun da ke cikin ƙasa su kan juya wani kashi ya tashi sama, ya zama ɗaya daga cikin kayan dahuwar nan. Wannan tashi ya fi ƙarfi sa'ad da ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa. Ƙamshin nan da ke faranta ran manomi ran da a ka yi ruwan shuka, tare da shi hayaƙin naitirojin ke fitowa, ko da ya ke shi ba a jin warinsa. An ga wannan daga tauraron ɗan'adam a kan yankin Sahel a farkon shekarun 2000, a 2006 kuma jirgin bincike na Ingila da ya sauka a Yamai ya bi ta kan wuraren da ruwa bai daɗe da jiƙawa ba, ya auna, ya tarar ozon ya fi na busassun wurare da ke kusa. A tashar Banizumbu ta ƙasar Nijar, inda a ke awo tun shekarun 1990, ozon ya fi yawa a farkon damina, ba da hunturu ba. Wannan kuwa shi ne lokacin da shuka ke ƙarama.

Sa'an nan ga injuna. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980. Bayan tsuke bakin aljihu na 1986 sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, a ka koma ga tsofaffin da Turai ta gama da su, waɗanda tukunyar salansarsu ta mutu, ko fetur mai dalma ya kashe ta a nan, gama sai a farkon shekarun 2000 a ka daina sa dalma a fetur ɗin Nijeriya. Babur mai araha ya shigo daga Sin ya cika kowane ƙauye, acaba ta zama sana'a. Wutar lantarki ta ƙi zama, kowane mai shago da mai niƙa ya nemi janareto. A fadama injin ban ruwa ya kori jigo, musamman bayan shirin fadama na farkon shekarun 1990. A bakin hanya kuma ga fetur a galan da kwalba yana ta tururi cikin rana. Kano da mu ka bari da mutum 130,000 ta wuce miliyan huɗu bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, tana kuwa gabas maso arewa da Malumfashi, kimanin kilomita ɗari, watau ta wajen da iskar hunturu ke fitowa. Zariya tana kudu maso gabas da Funtuwa, Kaduna tana kudu. Kilomita ɗari ba komai ba ne ga ozon, wanda ya kan yi kwanaki, wani lokaci makonni, yana yawo kafin ya mutu.

Cewa iskar Afirka ta Yamma tana iya dafa ozon mai yawa ba zato ba ne. Daga 1994 wasu jiragen fasinja na Turai sun riƙa ɗaukar ma'auni, suna awo duk sa'ad da za su sauka ko za su tashi a Legas da Abijan da Duwala, su ka nuna tarin ozon a 'yan kilomitoci na farko bisa ƙasa kowane hunturu. A Kwatano an riƙa sakin balan-balan mai ma'auni, cikin Disamba 2005 ɗaya ta ci karo da ozon da ya kusa 300 a nisan kimanin kilomita ɗaya bisa ƙasa, masu binciken kuwa sun karkata ga cewa tururin mai ne daga wajen Legas ya haddasa shi. Amma dole mu faɗi abin da ke ɗaya gefen, don kada a ce mun zaɓi shaidar da ta yi mana daɗi. Ƙurar hunturu tana cin ozon, tana kuma dushe rana. Toyi kuma raguwa ya ke yi, ba don an bi doka ba, sai don dajin da za a ƙona ya zama gona: awon tauraron ɗan'adam ya nuna filin da wuta ke ci a duniya ya ragu da kusan rubu'i tsakanin 1998 da 2015, mafi yawa a irin dajinmu. Wani bincike da a ka buga a 2021 ya sami hayaƙin naitirojin na rani ya ɗan ragu a kan wannan sashe na Afirka, duk da yawan motoci. Abin da mu ka fahimta daga haɗa shaidun nan shi ne, tsohuwar wuta tana ja da baya, sabuwa tana matsowa. Tsohuwar ta wata uku ce ko huɗu, sa'ad da gona ba kowa, sabuwar kuwa ba ta san rani ba ba ta san damina ba.

Abin da ya sa lokacin ya zama babbar magana shi ne yadda ozon ke shiga shuka. Ganye yana da 'yan ƙananan kafofi da ya ke buɗewa da rana don ya sha iska. In ƙasa ta bushe sai ya rufe su don kada ruwansa ya ƙare, ozon kuwa ya rasa ƙofa. In shuka ta ƙoshi da ruwa da taki sai ta buɗe su sosai, ozon ya shiga ya ƙona naman ganyen daga ciki. Ganyen ya yi ɗigo-ɗigo ja ko ruwan ƙasa tsakanin jijiyoyi, ta bisa, tsofaffin ganye su riga sababbi, ya tsufa da wuri ya kaɗe, ƙwaya ta kasa cika. Watau gonar da a ka fi yi wa hidima ita ta fi buɗe masa ƙofa, lambun rani da a ke ba ruwa safe da yamma cikin hasken Fabrairu da Maris kuwa ya fi kowa. Masana na Turai sun fara lissafin ɓarna daga 40. Da su ka jera amfanin gona bisa ga rauninsa, cikin waɗanda su ka fi rauni akwai wake da danginsa, da auduga, da alkama, da waken soya, da albasa, da tumatir, da kankana. Masara da shinkafa suna tsaka-tsaki. Mai karatu da ya san kasuwar Funtuwa ko ta Dandume, ko ya ga kwandunan tumatir na Danja, zai ga kamar kayan kasuwar a ka karanta masa. Wani ƙiyasi da a ka buga a 2018, a kan shekarun 2010 zuwa 2012, ya sa asarar duniya a kashi 12 cikin ɗari ga waken soya, 7 ga alkama, 6 ga masara, 4 ga shinkafa. A buhu ɗari na waken soya, sha biyu ke nan.

Asara irin wannan ba ta yin ƙara. Fara in ta sauka kowa ya gani, wuta-wuta in ta fito a gonar dawa ko yaro ya san ta. Amma manomin da ya ga ganyen wakensa ya yi ja kafin lokaci zai ce taki ne bai isa ba, ko na jabu a ka sayar masa, ko iri ne ya gaji, ya ƙara taki, ya sayi maganin feshi, ba kuwa ɗayansu da zai taɓa ciwon. Malamin gona da a ka koyar da shi tsatsa da tsutsa da ƙarancin abincin shuka shi ma cikin ukun nan zai zaɓa. Lokacin da masana su ka zana taswirar tashoshin awon ozon na duniya, Turai da Amurka da Japan sun yi baƙi ƙirin da ɗigo, Afirka kuwa in an ɗebe ƙurewar kudu kusan fara ce fat. Nijeriya ta kafa hukumar kare muhalli a 1988, bayan abin kunyar sharar guba ta Koko, ta sake kafa wata a 2007, hankalinsu kuwa, da gaskiyarsu, ya fi tafiya ga abin da a ke gani da ido: malalar mai, da wutar gas ta Neja Delta, da baƙin toka na Fatakwal.

A nan ne malaman kwalejojin horon malamai ke da abin yi, ba sai sun jira na'ura mai tsada ba. Darajar awon Monsuri ba ta ga kyan na'urarsa ba, ta ga cewa an yi shi kullum har shekara talatin da 'yan kai, a wuri ɗaya, an rubuta. Tun farkon shekarun 1960 akwai wani irin taba da a ka ware a Amurka, Bel-W3, mai saurin nuna tabo in ozon ya kai wajen 40, da ɗan'uwansa Bel-B mai jurewa. A kan shuka su gefe da gefe cikin tukwane, in na farko ya yi ɗigo na biyu bai yi ba an san ba cuta ba ce. 'Yan makaranta a Ingila da wasu ƙasashen Turai sun yi wannan awo da hannunsu. Akwai kuma irin wake guda biyu da a ke gwama su haka nan, da wasu 'yan bututu marasa lantarki da a ke ratayewa mako biyu ko wata guda a aika da su ɗakin gwaji, irin waɗanda a ke aiki da su a Banizumbu. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922, ta kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ba ta kai kilomita tamanin daga Funtuwa ba, ita ce kuwa ta fitar da irin audugar da ƙasar nan ta daɗe tana shukawa. Gonar makaranta ɗaya a Funtuwa, ɗaya a Malumfashi, ɗaya a fadamar Danja, kowace da tukwane goma da littafi mai layi, a riƙa duba ganye ran Litinin a na rubuta kwanan wata da abin da a ka gani, da rani da damina. Mu kuma na sashen Hausa namu shi ne mu bi tsofaffin manoma, mu tattara sunayen da su ke kiran kowane irin ja da ƙuna da ɗigon ganye, a Maska da Kafur da Faskari, mu tambaye su wanne su ka gāda da sunansa, wanne kuma su ka fara gani da girmansu.